Gefen da Ba Ka Gani

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga Na-Goggo,

Ina gaishe ka gaisuwar uwa, irin wadda ban taɓa iya yi maka baki da baki ba. Ina fatan takardar nan ta same ka kanka ba ya sara, kuma ka sha maganinka na safe. Allah ya tsare ka a gida, ya tsare ka a hanya, ya sa ka sauka a hannun mutanen kirki.

Za ka ga na ja baƙin layi mai kauri a gefen hagu na kowane shafi. Ba ado ba ne. Likita ce ta ce a riƙa yi maka haka don ka riƙa gane farkon rubutu. Ka ɗora yatsa a kai ka bi a hankali. Rubutun makarantar matan aure ne, sai ka yi haƙuri da shi. Ƙanwarka Hajaru za ta miƙa maka, ban kuwa bari ta karanta ba.

Na san za ka yi mamaki, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da shagonka, me ya kawo wasiƙa? Kai ne ɗan farina, ka kuma san al'adarmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta fuskance shi da hira, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane. Shekara ashirin da 'yan kai ina riƙe da wannan kunya kamar wadda za a ba tukuici. Yanzu ga shi za ka tafi ci-rani Badun. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni dai yau zan fafe nawa, tunda ban yi da wuri ba.

Na ji abin da za ka je yi. Ka gaya wa Hajaru dako za ka yi a kasuwar albasa. Amma uwar Lawwali, abokin tafiyarka, ta shigo aron rariya, tana tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Ashe ɗiyanki ma kabu-kabu za shi yi can? Lawwali ya ce har an samo mishi mashin." Na ce mata i, na sani, don kada ta ga ban san abin da ke cikin gidana ba.  Wannan magana ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba na so ka hau mashin ka ɗauki mutane a titin birni. Duk abin da zan faɗa bayan wannan hanya ce kawai ta dawowa gare ta.

Ba zan fara da laifinka ba, don nawa ya girme shi.

Da aka yaye ka, aka kai ka Sanyinna wurin Goggo, yayar mahaifinka, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Can sunan da nake kiranka ya samo asali. Wata damina, kana ɗan shekara uku ko huɗu, wani ɗan kasuwa ya biyo da saƙo cewa zazzaɓi ya kama ka, har kana taune-taune kana sandarewa. Ina tsakar gida ina daka tare da matan gidan. Duk suka tsayar da taɓare suka zuba mini ido su ga abin da zan yi. Ni kuwa yarinya mai son a ce ta san kunya, sai na ci gaba da dakana, na ce ai yana hannun masu shi. Kakarka ta yaba mini a gaban kowa. Sai da mahaifinka ya gama noman maimai muka kama hanya. Muka iske an yi maka hayaƙi, an ɗura maka jiƙo, ba ka gane kowa. Aka kai ka asibiti Tambuwal, Allah ya sa da sauran shan ruwa. Amma abin da zazzaɓin ya ci a cikin kanka a waɗannan kwanaki, ya ci ke nan.

Ba na cewa da na je da wuri da babu abin da zai same ka, wannan sanin Allah ne. Na dai san abin da ya zaunar da ni. Ba ruwan sama ba ne, ba rashin abin hawa ba ne, idon mata ne. Yabon da aka yi mini ranar nan babu mai tuna shi yau sai ni, ni ma da ɗaci nake tuna shi. A can abokanka za su zuba maka ido haka, su ce kai ba namiji ba ne, mashin ma tsoronsa kake. Ka bar su su faɗa. Ranar da abu ya faru, kowa gidansu zai koma, kai za a bari da jikinka.

Bayan ka dawo gida Kebbe ne farfaɗiya ta bayyana. Kafin ta kayar da kai kakan tsaya cak ka ce, "Inna, ga fitillun nan sun taho, ja da tsanwa, suna juyawa." Mutane suka ce yaron nan mutanen ɓoye yake gani. Na yarda da su. Na yi ta yawon karɓo rubutu da turare, har Dogon Daji na je wurin wata tsohuwa a ƙafa da goyon Hajaru. Aka ce mini miyau ke yaɗa ciwon, sai na ware maka kwano da moɗa. Aka ce a sa cokali a bakinka kada ka haɗiye harshe, na sa, haƙorinka na gaba da ya gutsure aikina ne. In maƙwabta suka tambaya, sai in ce rana ce ta buge ka. Na fi jin tsoron sunan ciwon da ciwon kansa.

To ka ji. Ranar da kuka sauka Badun, kafin ka kwance jakarka, ka gaya wa waɗanda za ku kwana ɗaki ɗaya da su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ce musu kana da farfaɗiya, ba a ɗaukarta a kwano ko a miyau. In ta zo, su kawar da abin da zai ji maka ciwo, su sa maka tsumma a ƙarƙashin kai, su juya ka ta gefe, kada su danne ka, kada su sa maka komai a baki, ko ruwa. In ta daɗe ba ta sake ka ba, ko ta tafi ta dawo, su nufi asibiti da kai, kada su tsaya neman mai tofi. Wanda ya ji wannan ya ɗauke tabarmarsa ya matsa, ka gode wa Allah da ya nuna maka shi da wuri.

Akwai abin da ya fi waɗannan ci mini rai. Da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya ba ka sanda ya ce ka bi shanu, kullum ɓarna ta gefe ɗaya take fitowa. Saniyar da ta ware ta hagunka sai ta shiga dawar mutane ta ci ta ƙoshi kana tsaye. A kawo ƙara, ya ɗauko igiyar turke. Kana kuka kana rantsuwa ba ka gan ta ba, shi yana cewa saniya ba allura ba ce. Ni ina ɗakin girki ina ji, kunya ta hana ni fitowa. Haka gaisuwa. Liman yana zama a gindin dogon yaro a hanyar masallaci. In za ka tafi sai ka wuce shi kamar kututture, in ka dawo kuma ka durƙusa har ƙasa. Har ya riƙa zolayar mahaifinka yana cewa gaisuwar ɗanka ta dawowa ce. Muka ce girman kai ne, Goggo ta sangarta ka. Babu wanda ya tsaya ya lura cewa a tafiya Liman yana hagunka, a dawowa yana damanka.

Ni ma haka na yi maka da abinci. Ba na zuwa ta gabanka, ta gefe nake raɓowa in ajiye kwano in wuce ba magana. Yadda ƙofar ɗakin girkin take, ta hagunka nake fitowa. Tuwo ya huce, kaji su yi ta tsattsaga kana zaune kusa da shi. Na ɗauka ƙin girkina kake don ka saba da hannun Goggo, har na riƙa jin haushinka. Kai kuma ashe kana gaya wa Hajaru cewa Inna ba ta ba ka abinci sai ka roƙa. Kalma ɗaya za ta raba mu da wannan, in ce ga tuwo nan. Ban faɗa ba.

Saboda haka kada ka bari a yi maka fassara a baƙon wuri. Wanda kake aiki a ƙarƙashinsa, ka gaya masa tun farko cewa ba ka ganin abin da ke hagunka, in zai miƙo maka abu ko zai yafuto ka, ya zo ta dama ko ya yi magana. Mutum yakan yafe wa mai lalura, amma ba ya yafe wa wanda yake zaton ya raina shi.

Maganin asibiti kuwa, ka san yadda muka yi da shi. Wanda aka rubuta maka a Tambuwal ya karɓe ka, har aka yi damina biyu ba ka faɗi ba. Sai na ce ai an warke. Ga hanyar nan tamu da ke karya ƙugu, ga ka gaji da haɗiya, ga mutane suna cewa ƙwayar Bature in ta yi yawa ita ma ciwo ce. Da na hannu ya ƙare ban aika an karɓo ba. Ba a daɗe ba farfaɗiyar ta dawo da fushinta, ta same ka kana jin ɗumi a bakin murhu. In ka manta, ka dubi bayan hannunka. Ni ba na bukatar dubawa, warin yana hancina har gobe.

Wannan ƙunar ce ta sa aka tura mu babban asibiti Sakkwato. Ranar mahaifinka yana kwance ba lafiya, dole ni na raka ka. Aka shafa maka wani abu kamar ƙullu a kai, aka manna wayoyi, aka ce ka rufe ido ka buɗe, aka haska maka wata fitila mai ƙyafce-ƙyafce. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta nuna mini layuka suna tafiya a jere kamar sawun garma, amma wasu daga ciki suna zabura su yi tsini. Ta ce motsin wutar ƙwaƙwalwarka ke nan. Can wajen ƙeya ta dama akwai tabon da zazzaɓin ƙuruciya ya bari, daga nan farfaɗiyar ke tashi, daga nan fitilun da kake gani ke fitowa. Ta ce ko ba ka faɗi ba abin yana nan, kamar garwashi a ƙarƙashin toka, magani danne shi yake yi.

Daga nan ta zauna a gabanka ta ce ka kalli hancinta, ta ware hannuwa tana motsa yatsu. Na dama ka ƙirga su daidai. Na hagu ta yi ta kaɗawa har ta kusa taɓa kunnenka, kai kana zaune kana jira a fara. Ni ina tsaye a wannan gefen, inda na saba tsayawa. Sai ta tambaye ka ina mahaifiyarka take.

Ka ce, "Tana waje. Ba ta shigowa inda nike."

Hannuna bai fi kamu ɗaya da kafaɗarka ba. Likitar ta ɗago ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ban taɓa jin abin da ya soke ni kamar wannan magana ba, kuma ba ƙarya ka yi ba, abin da ka gani ka faɗa.

Ta ce idanunka biyu lafiyarsu lau. Wurin da ke karɓar abin da ido ya gani ta hagu ne ya lalace, shi ne inda tabon yake. Na tambaya ko tabarau zai yi, ta ce a'a. Na tuna tozalin da na yi ta ɗura maka da zuma. Bara da kuka koma da Hajaru aka sake sa maka wayoyin, tsinin yana nan inda yake, ganin ma bai ƙaru ba. Kana zaune ta ce ban da tuƙi, ban da hawan bishiya, ban da shiga gulbi. Kai kuwa cikin duk bayanin abu ɗaya ka ɗauko ka dawo da shi gida, wai ta ce ka daɗe ba ka faɗi ba. Kunnenka dai irin na mahaifinka ne, abin da ya yi masa daɗi yake tsinta.

Kada ka bar magani ko na yini ɗaya, ko da ka shekara goma lafiya. Ka tafi da kwalinsa da katin asibiti, ka nemo inda za ka riƙa samu tun kafin na hannunka ya yi ƙasa. Ka yi barci isasshe, rashinsa yana tayar da farfaɗiya. Ƙwayoyin nan da 'yan ci-rani ke sha don kada su ji gajiya, kada ko ɗaya ta wuce maƙogwaronka, likita ta ce irinsu ko mai lafiya suna iya kayarwa.

Yanzu ga wanda ban taɓa gaya maka ba, shi ne kuma ya kawo mu inda muke. Da muka dawo daga Sakkwato na rasa yadda zan biya ka, sai na shiga share maka hanya. Na kwashe turmi da randa daga hagun ƙofa. Na sa aka mayar da turken awaki ɗaya gefen. Na hana barin kujera ko takalmi a inda kake bi. In za ka fita, Hajaru ta riga ka ta kawar da abin da ke zaure. Duk a ɓoye, don kada ka ji kai nakasasshe ne.

Bayan rasuwar mahaifinka ka koyi mashin ɗin Lawwali. Ranar da ka fara zagayo da shi ƙofar gida na leƙo ta katanga, na ga fuskarka ta washe yadda ban taɓa gani ba. Na san abin da likita ta ce, amma na kasa raba ka da wannan dariya. Maimakon in hana ka, sai na sa mayafi na bi gidajen iyayen 'yan kabu-kabu ɗaya bayan ɗaya, na roƙa a gaya wa 'ya'yansu su riƙa ba ka fili, su danna maka ham tun daga nesa. Matan unguwa suka koyi ƙarar mashin ɗin, in sun ji ta sai su janye yara. Ramukan hanyar Kebbe ma sun yi maka gata, don babu mai gudu a kanta. Wata ranar kasuwa buhun da ka ɗauro a baya ya share wata tsohuwa mai nono, ƙwaryarta ta fashe, gwiwarta ta ɗaye. Ka wuce ba ka sani ba. Ni na je rugarsu na wanke mata ciwon, na roƙe ta ta rufa mana asiri.

A makon nan ne ka shigo kana gaya wa Hajaru, "Ni fa idona ya warke, na daɗe ban yi karo da komi ba." Ina ɗaki ina ji.

To idonka bai warke ba, ɗana. Gari ne ya koyi kauce maka, ni kuwa na koya masa. Na zaci tausayi nake yi, ashe ƙarya nake gina maka, ga shi yanzu za ka ɗauke ta ka kai ta inda babu wanda ya san ka. A Badun babu Hajaru da za ta riga ka fita. Ba ni da mayafin da zai kai ni gidajen direbobinsu. An ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ban so in yi maka wannan karin magana ba, don kai ba makaho ba ne, amma rabin titi a wurinka rijiya ce. In kuma fitilun nan suka taho maka kana tsakiyar motoci da mutum a bayanka fa? Wanda za ka ɗauka shi ma ɗan wata ne, ita ma tana can tana jiran ya dawo.

Na san abin da za ka ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne. Amma mahaifinka da ya fi ka tawakkali bai taɓa barin shanu ba turke ya ce Allah ya tsare ba. Na kuma san abin da ke cinka. Ka gaji da ganin uwarka tana dakan fura don a ci a gidan da kake babba. Ban hana ka nema ba, ban hana ka tafiya ba. Ka yi dakon da ka faɗa wa Hajaru ya zama gaskiya. Ka tsare wa wani rumfa, ka yi wankin hula, ka kasa albasa. In za ka zauna, ka nemi inda bango yake hagunka. In za ka tsallaka titi, ka juya kanka gaba ɗaya ka duba, ka sake dubawa, su yi ta dariya su ce baƙauye ne. Abin da za ka samu zai fi na Lawwali ƙanƙanta, na sani. Ka kawo shi haka, ko kada ka kawo komai, ka dai kawo kanka.

Ba zan yi maka baki ba, ko me ka zaɓa. Na riga na yi maka illa da shiru, ba zan ƙara maka da magana ba. Roƙo nake yi. Na tsaya a hagunka shekara da shekaru, da kwano a hannu, da ruwa, da kukan da ba ka gani ba, ina jira ka waiwayo. Abin da zai zo maka ta nan a titin Badun ba uwarka ba ce, ba zai jira ba.

Ranar tafiya zan fito tasha, matan gari su faɗi abin da za su faɗa. Zan tsaya ta damanka, inda za ka gan ni da kyau, ka dube ni ka gaya mini abin da ka yanke. In ka ji an kira Haliru da muryar da ba ka taɓa jin ta da wannan suna ba, kada ka yi ta waige-waige, ni ce.

Allah ya yi maka albarka, Haliru. Allah ya kwantar da abin da ke motsi a cikin kanka, ya haɗa ka da masu tausayi, ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Allah ya tsare gabanka da bayanka da damanka, ya tsaya maka ta hagun da ba ka gani. Ka yafe mini.

Mahaifiyarka,
daga Kebbe.